Finafinan mawaƙa: wanne ya fi kwanta muku, kuma ina na Shata?

Nura Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun shekaranjiya ba abin da ake turowa sai gaisuwar Juma'a da hoton furanni, to bari in tayar da ƙura. Cikin finafinan da aka yi a kan mawaƙa, ko a kan ƙungiyar makaɗa, wanne ya fi kwanta muku a rai? Na Indiya, na Amurka, na gida, duk a kawo. Sharaɗi ɗaya ne: kada mutum ya jefo suna ya gudu, a faɗi dalili. Ni nawa shi ne Ayinla, wanda Tunde Kelani ya fitar a 2021, labarin Ayinla Omowura mai waƙar apala na Abeokuta. Ba na jin Yarabanci, rubutun ƙasa nake bi, amma an nuna mutumin yadda yake: ga baiwa, ga zafin kai, ga rigima. A mashaya ajalinsa ya same shi a 1980, kuma manajansa ne ya rotsa masa kofin giya a ka.

Bash Kwangila:
Disco Dancer. Magana ta ƙare.

Nura Tudun Wada:
Bash, ka ji sharaɗin fa.

Bash Kwangila:
Dalili kuma? An jona wa jita wutar lantarki don a kashe Jimmy, uwarsa ta riga shi taɓawa ta mutu, daga nan ko jita ya hango sai jikinsa ya ɗau ɓari. Wane dalili kake nema bayan wannan? Mithun ne fa, 1982.

Baba Tanimu Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Bashir, tsalle-tsalle ka kalla, ba waƙa ba. In ana zancen fim ɗin mawaƙa na Indiya, daga Baiju Bawra ake farawa, na 1952, baƙi da fari. Yaro ne ya tashi da niyyar ɗaukar fansar ubansa a kan Tansen, babban mawaƙin fadar Sarki Akbar, sai ya gane takobi ba zai yi masa ba, sai dai ya kayar da shi da murya. Naushad ya tsara kiɗan, Mohammed Rafi ya rera yawancin waƙoƙin jarumin. Duk wanda ya taɓa ganin makaɗan fada biyu sun haɗu a ƙofar sarki ɗaya ran Sallah, kowa na son a ce shi ne, zai gane fim ɗin nan ko bai ji kalma ɗaya ba.

Amma wanda ya fi zama mini a rai shi ne Abhimaan na 1973, Amitabh Bachchan da Jaya, shekarar da suka yi aure a zahiri. Mawaƙi ne mai tashe ya auro yarinyar ƙauye mai murya, da kansa ya jawo ta cikin sana'ar, sai jama'a suka fi son muryarta. Ba duka, ba zagi, kawai mutum ya bi ya canza fuska a gida, yana shan giya, yana dawowa da dare. Lokacin da muka gan shi a silima muna samari, yawanci an fito ana tsaki don ba a yi dambe ba. Sai da na girma na yi iyali na san abin da aka nuna mana.

Anti Rabi Samaru:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Abhimaan ai ba labarin waƙa ba ne, labarin gidajenmu ne. Mace ta fi mijinta albashi ko suna, sai ka ga gida ya ɗau zafi ba a san laifin da ta yi ba. Na san malamai mata a nan Samaru da ke ɓoye takardar ƙarin girma don a zauna lafiya. Abin da ban so ba shi ne ƙarshen: sai da ta yi ɓari, ta zama kamar ba ta cikin hayyacinta, sannan ya sauko. Wato sai mace ta lalace kafin namiji ya ce ya yi kuskure.

Baba Tanimu Sabon Gari:
Rabi, ai da ya sauko tun da wuri da fim ya ƙare a rabin awa.

Zainab Gyallesu:
Ina wuni Baba, ina wuni Anti. Ni Secret Superstar ne nawa, na 2017. Yarinya 'yar makaranta, Musulma, tana son waƙa, ubanta mai dukan uwarta ne, ya tsani jita. Sai take sa niƙabi tana ɗora waƙoƙinta a YouTube ba wanda ya san ita ce. Uwar ce ta sayar da sarƙarta ta saya mata kwamfuta. Na kalle shi da fassarar Hausa da ƙannena, mamanmu tana tsintar shinkafa wai ba kallo take yi ba, amma da aka zo wurin filin jirgi inda uwar ta tsaya ta ce ba za a jefar da jitar ba, sai muka ga ta ajiye tire.

Ustaz Hamisu Ƙofar Doka:
Salamu alaikum. Zainab, sai ki ƙarasa labarin. Yarinyar da ta fito a fim ɗin, Zaira Wasim, ta bar harkar fim gaba ɗaya a 2019, ta ce sana'ar tana shiga tsakaninta da addininta. Ita da ta shiga ta gani kenan. Ni ban zo hana kowa hira ba, amma ku lura da kusan duk finafinan da kuke lissafawa: giya, ƙwaya, rabuwar aure, mutuwar ƙuruciya. Ko wannan bai isa ishara ba?

Zainab Gyallesu:
Malam, haka ne ta bari, kuma na girmama mata hakan. Amma abin da fim ɗin ya yi magana a kai, dukan mata da danne 'ya'ya, bai bar gidajen mutane don ta bar fim ba.

Kawu Lawal Tudun Jukun:
Jama'a, hukuncin kiɗa malamai sun yi ta magana a kai tun kafin a haife mu, ba a zauren nan za a raba gardamar ba. Ustaz ya faɗi nasa, an ji. A koma kan tambayar Nura.

Malam Garba Kongo:
Na gode Kawu. Amma maganar Ustaz tana da gefen da ya kamata a duba, ko da ba ta fuskar hukunci ba. Masu shirya fim sun gano hanya ɗaya suna ta bi: yaro talaka, baiwa, ɗaukaka, ƙwaya, faɗuwa, sai babban taro a ƙarshe kowa na kuka. Mawaƙin da ya yi sana'arsa shekara hamsin ya aurar da 'ya'yansa ya mutu a gadonsa, ba a yi masa fim, wai ba labari. To ba mawaƙa ne duk suka lalace ba, lalatattun ake zaɓa.

Duk da haka ina son Ray, na 2004. Ray Charles ya makance yana ɗan shekara 7, bayan ya ga ƙaninsa ya nutse a bahon wanki a gabansa. Abin da ya riƙe ni shi ne uwarsa. Akwai inda yaron ya faɗi a ɗaki yana kiranta, tana tsaye tana kallonsa ta ƙi motsi, hawaye na zuba, har ya tashi da kansa ya fara gane ɗakin da kunne. Mu a Zazzau bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba, garin Aliyu Namangi ne fa, makahon da ya bar mana Imfiraji. Jamie Foxx, wanda ya fito a matsayinsa, ya ci kyautar Oscar da fim ɗin, shi kuwa Ray ya rasu watanni kaɗan kafin a fitar da shi. Wani wurin kuma da nake so, inda ya dage a yarjejeniya cewa shi zai mallaki asalin faifan waƙoƙinsa, ba kamfani ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu Amadeus, 1984, Oscar 8. Labarin hassada ne tsantsa: Salieri, mawaƙin fada mai ƙoƙari da ibada, yana kallon Mozart, yaro marar kamun kai, Allah ya ba shi abin da shi bai samu ba. Sai dai a sani, zancen cewa Salieri ne ya yi sanadin mutuwar Mozart ba shi da tushe a tarihi. An ɓata sunan bawan Allah don fim ya yi daɗi.

Nura Tudun Wada:
Malam, ai haka aka yi a Bohemian Rhapsody. An nuna Freddie Mercury ya gaya wa abokan ƙungiyarsa ta Queen yana ɗauke da cutar ƙanjamau kafin babban taron waƙa na Live Aid na 1985, alhali sai bayan taron da shekaru aka gano. An kuma nuna kamar Queen ta watse ne sai taron ya haɗa su, su kuwa suna tare suna yawon wasa har a shekarar. Amma wallahi mintunan ƙarshen nan na filin Wembley, in ka sa abin ji a kunne, sai tsigar jikinka ta tashi.

Bash Kwangila:
Ni abin da ya ba ni mamaki, ashe ɗan Afirka ne. A Zanzibar aka haife shi. Wanda ya fito a matsayinsa kuma iyayensa Misirawa ne. Namu ne duka.

Malam Garba Kongo:
A Zanzibar aka haife shi a 1946, iyayensa 'yan asalin Indiya ne. Kada ka yi saurin raba gado, Bash.

Nura, nan ne nake da matsala. In ka ce mini tatsuniya ce, sa duk abin da kake so. In ka ce mini tarihin wane ne, to yaran da za su kalla shi za su riƙe, ba za su buɗe littafi ba. Ko na Bob Marley na 2024, 'ya'yansa da matarsa na cikin masu shiryawa, shi ya sa aka yi ta lallaɓa wasu wuraren. An nuna harbin da aka yi masa a gidansa a Disambar 1976, da zamansa a Landan, amma mutumin ya fito kusan waliyyi.

Anti Rabi Samaru:
To Malam, in 'ya'yanka ne za su yi fim a kanka, me kake so su nuna?

Malam Garba Kongo:
Hajiya, shi ya sa ba zan bar musu aikin ba.

Sale Ƙofar Gayan:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni gidan kiɗa na tashi, kakana da babana duk kalangu suka riƙe, ni ne dai na koma gyaran babur. Abin da ke ba ni haushi da finafinan nan, mutum ɗaya ake haskawa. Na bayansa kamar kujeru. Alhali duk wanda ya san kiɗa ya san in mai kalangu ya saki, ko wane ne a gaba sai ya yi tuntuɓe. Akwai waƙoƙin da kalangu ne ke fara faɗin maganar, mawaƙi ya ɗauka daga bakin ganga. In 'yan amshi suka yi sanyi, waƙar ta mutu a tsaye.

Shi ya sa fim ɗin da na fi so ba na wasan kwaikwayo ba ne, na gaskiya ne, 20 Feet from Stardom, 2013. 'Yan amshin Amurka aka bi, yawancinsu mata baƙaƙe, waɗanda muryarsu ke cikin manyan waƙoƙin da duniya ta sani amma ba a san sunansu ba. Akwai wadda ta koma aikin share gidajen mutane, tana cikin aiki ta ji muryarta a rediyo. Da na ga wurin nan sai da na kashe wayar na ɗan zauna, don na san tsofaffi a garin nan da haka ta same su. Ana sa waƙar a rediyo, ga hannunsa a ciki, shi kuwa yana bakin kasuwa yana jiran wanda zai ba shi na cefane.

Zainab Gyallesu:
Yaya Sale, ka ga Whiplash? Shi ai mai ganga ne jarumin.

Sale Ƙofar Gayan:
Na gani, ƙanwata. Malamin da ke jifan ɗalibi da kujera, yaro na kiɗa har hannu na jini. Ya burge mutane, ni bai burge ni ba. An mai da kiɗa gudun tsere, wa ya fi sauri. A gidanmu ba a koya da jifa. Ƙaramar ganga ake rataya maka, kuntukuru, ka yi shekaru kana riƙe bugu ɗaya a bayan manya, kana ɗaukar kaya, kana shafa wa fata danƙo, kana gyaran tsarkiya. Horon shi ne a ƙyale ka. In ka ɓata, babba zai waiwayo ya dube ka sau ɗaya, wannan kallon ya fi mari. Ranar da aka miƙo maka babban kalangu a gaban jama'a ba tare da an ce komai ba, ranar ka san ka iso.

Baba Tanimu Sabon Gari:
Sale, Allah ya yi maka albarka. Abin da ka rubuta yanzu ya fi rabin finafinan da aka ambata.

Nura Tudun Wada:
To ga tambayar da ke cina tun da na ga Ayinla. Yarabawa sun yi wa nasu. An yi Finding Fela a kan Fela Kuti a 2014, har da labarin yadda soja suka ƙona gidansa a 1977 suka jefo mahaifiyarsa ta taga. Misirawa sun yi wa Ummu Kulsum dogon shiri a talabijin tun 1999. Mu ina fim ɗin Shata? Masana'antarmu kusan kowane fim sai an yi waƙa da rawa, amma ban taɓa cin karo da fim ɗin da ya ɗauki rayuwar ɗaya daga cikin manyan makaɗanmu daga farko zuwa ƙarshe ba.

Bash Kwangila:
Wa zai fito a Shata? Duk wanda aka sa, 'yan Funtuwa za su ce bai yi ba.

Malam Garba Kongo:
Wannan ƙaramar matsala ce. A Ray muryar Ray Charles ɗin aka yi amfani da ita a yawancin waƙoƙin, ɗan wasa ya bi da baki. Abin da ake nema mai iya tsayuwar da kallon da murmushin, ba mai murya ba.

Kuma labari ba a rasa ba. Yaro daga Musawa, mahaifinsa ba ya son ya yi waƙa don ba gadonsu ba ce, ya yi tallan goro da alewa, ya fara a dandali, ya zo ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da soja a lokacin yaƙin basasa, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. A nan garin, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, mutumin da bai yi boko ba. Ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihinsa a littafi mai kauri, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara na makaɗa da yawa. Ba bincike ne ya yi ƙaranci ba.

Abin da ya hana, a ganina, mu ne. Ba mu iya ba da labarin babban mutum ba sai ta hanyar yabo. Shata kuwa in ka cire zambo, ka cire waƙar da ya yi wa mashaya, ka cire rigimarsa da manya, ka cire alfaharin da ke cikin Bakandamiya, me ya rage? Wani dattijo mai fara'a da babbar riga. Ba shi ba ne. In kuma ka sa su, gobe iyalan wanda aka yi wa Gagarabadau ko wata waƙar zambo sun ce an tono musu tsohon miki, wasu kuma su ce an ci mutuncin mamaci.

Ustaz Hamisu Ƙofar Doka:
To ai gaskiyarsu ne, Malam Garba. An umarce mu da ambaton mamatanmu da alheri. Mutum ya tafi, ba ka san yadda ya ƙare da Ubangijinsa ba, sai ka ɗauko abin da wataƙila ya tuba daga gare shi ka haska wa jikokinsa a allo?

Malam Garba Kongo:
Ustaz, wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma akwai bambanci tsakanin tona asirin da mutum ya ɓoye da nuna abin da shi da kansa ya rera a bainar jama'a, ana kuma sa shi a rediyo har gobe. Ba na neman a shiga ɗakin kwanansa. Ina neman kada a yi mana ƙarya.

Ustaz Hamisu Ƙofar Doka:
Mai fim ba zai tsaya inda ka tsaya ba. Kasuwa yake nema.

Anti Rabi Samaru:
Ku duk kun tafi kan Shata. Ni in da kuɗi a hannuna, Barmani Choge zan yi wa. Ita ma Funtuwa, ta rasu a 2013. Mace da ƙwarya a gabanta da mata 'yan amshi, tana shiga cikin gida inda namiji ba ya shiga, tana gaya wa mata su tashi su nemi sana'a, tana yi wa kishiya da malalaciya tatas, ana dariya ana liƙi. Duk abin da ƙungiyoyi ke kashe kuɗi suna taro a otal a kai yanzu, ita ta faɗe shi da kiɗan amada tun da daɗewa. Kuma fim ɗinta ba ya buƙatar dawaki da fada. Tsakar gida, ƙore, ruwa a baho, mata. Sai dai na san za a ce bakinta ya yi kaifi, a yanke rabin waƙoƙin.

Zainab Gyallesu:
Anti, wallahi da zan je kallo har sau nawa ma. Kakata ta haddace waƙoƙinta, in tana yi sai ta kore mu wai ba na yara ba ne.

Baba Tanimu Sabon Gari:
Ɗan Maraya fa? Sunansa kaɗai fim ne. Maraya da Sarkin Bukuru ya riƙa, shi kaɗai da kuntiginsa, ba ɗan amshi ba maroƙi, yana yi wa karen mota da talaka waƙa lokacin da kowa ke bin masu rawani. Ya rasu 2015, waɗanda suka zauna da shi a Jos suna nan da ransu.

Sale Ƙofar Gayan:
Baba, a gafarce ni, ni Ɗanƙwairo zan zaɓa, saboda dalilin da na faɗa ɗazu. A wurinsa ba ka iya raba jagora da 'yan amshi. Ku saurari yadda suke karɓa, wani ya ɗauka daga sama wani daga ƙasa, su ƙara nasu a kan nasa, kotso na tafiya a tsakani. Ƙungiya ce ta gaske, da 'ya'ya da 'yan'uwa a ciki. Kuma a nan labarin yake: an yi wasa an samu doki da riguna da kuɗi, wa zai raba, wa zai samu me? Wane ne ya ji an tauye shi ya ɓalle ya kafa tasa? Wane ɗa ne zai gaji uban? Na ji irin wannan rigimar da kunnena a zauren gidanmu ina yaro, ana rufe ƙofa a yi ta har dare. Turawa sun yi finafinai a kan rabuwar ƙungiya saboda kuɗi ba adadi, mu namu ya fi nasu zafi don jini ɗaya ne.

Nura Tudun Wada:
Amma kuɗin fa? Fim ɗin zamanin da sai an nemo tsofaffin motoci, tsofaffin kuɗi, a ɓoye eriya da allon sola da ke kan kowane rufi. Furodusa zai ce maka da wannan kuɗin gara ya yi shiri mai dogon zango na soyayya ya ɗora a YouTube.

Malam Garba Kongo:
Ga inda na ce ku riƙe. Kafin motoci, wa ya mallaki waƙoƙin? Wasu an ɗauka a Rediyon Kaduna, wasu kamfanonin faifai na da, wasu a gidan biki wani ya danna rikoda, 'yan kasuwa suka yi ta kwafa a kaset. Magada suna da haƙƙi, kuma sun daɗe suna kallon ana cin abin ubansu ba ko sisi. Duk mai son yin fim na gaskiya sai ya zauna da su tukuna, kuma daidai ne ya zauna.

Batun tsada kuwa, ku dubi maƙwabtanmu. A 2015 an yi fim a Agadas da Mdou Moctar, Buzun nan mai kaɗa jita da hagu, cikin harshensu, da kuɗi kaɗan da mutanen gari. Labarin mai jita ne da ke fama da uba mai ƙin kiɗa da abokan hamayya, yana yawo a kan babur. Ya zaga bukukuwan finafinai a Turai da Amurka. Mutumin nan fa a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, waƙoƙinsa ta katin waya suka yaɗu. Ba su jira sun tara miliyoyi ba.

Bash Kwangila:
Wato Buzu ya zo Sakkwato ya yi rikodin, ya koma ya zama tauraro a Amurka, mu muna nan muna gardamar wa ya fi iya rawa.

Zainab Gyallesu:
Ni ina ganin kafin a kai ga babban fim, akwai abin da ya fi gaggawa. An nuna mana Buena Vista Social Club a aji, na 1999. Tsofaffin makaɗan Kuba ne da aka manta da su, ɗaya har ya koma goge takalma, aka tattaro su aka ɗauke su suna kiɗa suna ba da labari. Cikin 'yan shekaru manyansu suka rasu. Da an yi jinkiri da shi kenan. Waɗanda suka yi wa Shata da Ɗanƙwairo da Barmani kiɗa da amshi, nawa suka rage? Ɗan wasa ana iya samunsa ko bayan shekara 30, su kuwa fa? Waya mai kyau da makirufo sun isa a fara.

Sale Ƙofar Gayan:
Akwai ƙanen kakana a cikin birni, ya haura tamanin, ya yi yawon kiɗa har Gana da Nijar. Idonsa ya yi rauni amma kansa garau. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi komai.

Nura Tudun Wada:
Ina da makirufo na maƙalawa a riga da abin tsayar da waya. Zainab ta rubuto tambayoyi, Malam Garba ya duba mana su. Yaya Sale, zai yarda?

Ustaz Hamisu Ƙofar Doka:
In tarihi za a ɗauka, ba ni da ta cewa. A nemi izininsa da na 'ya'yansa, kuma abin da ya ce a kashe, a kashe.

Sale Ƙofar Gayan:
Zan shiga in gaishe shi gobe in ji ta bakinsa. In ya amince, sai Asabar bayan la'asar, don da safe ba ya son magana. Ku zo da goro fari, ba ya cin ja. Kada ku wuce mutum uku, kuma Bash, in za ka zo, ba a katse shi in ya fara.

Bash Kwangila:
Ni zan riƙe waya kawai. Amma a tambaye shi nawa ake ba mai kuntukuru in an raba.